Wuta a Bakin Ganuwa: Yadda Aka Ci Garuruwa a Da, da Abin da Ya Shafe Mu a Jos

 Ina neman dattawa da malamai su yi mini afuwa, don ni ba malamin tarihi ba ne. Ɗan kasuwa ne ni, karatuna na Islamiyya ne, sai ɗan abin da na tsinta a littattafai da bakin manya.

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne, ranar hutun Sallah na kwashi yara muka tafi Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, muka zaga ta ɓangaren gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya. Muna tsaye gindin ganuwar nan sai autana ya ɗaga kai ya ce, "Baba, ta can sama ake zubo wa abokan gaba tafasasshen mai ko?" Na ce, "Wa ya faɗa maka?" Ya ce a fim ya gani. Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai. Shin da gaske kakanninmu mai suke zubawa? In ba mai ba, da me suke kare gari? Da me kuma ake cin sa?

MAGANAR TAFASASSHEN MAI

Mu fara da lissafi irin namu na 'yan kasuwa. A ƙasar Hausa ta da, man da ake da shi bai wuce man shanu da man kaɗe da man riɗi ba, sai man ja da fatake ke kawowa daga kudu. Gyaɗa kuwa baƙuwa ce, asalinta Amurka ta Kudu, kuma ba ta zama babbar haja a Kano ba sai a 1912, bayan jirgin ƙasa ya iso. Duk wanda ya taɓa ganin wahalar da mata ke sha kafin su fitar da ƙwarya guda ta man kaɗe, daga tsinto 'ya'yan kaɗanya zuwa suya da daka da niƙa da dafuwa, ya san ba abin da za a kwarara daga kan katanga ba ne. Garin da aka yi wa zobe, abinci ne abu na farko da ke yanke masa. Mai kuwa abinci ne, magani ne, da shi ake kunna aci-bal-bal. Wane Sarkin Yaƙi ne zai zubar da cimar mutanensa alhali ga ruwan zafi, ga duwatsu, ga yashi, duk a banza?

Ba wai ba a taɓa yi a duniya ba. A shekara ta 67 Miladiyya, lokacin da Rumawa suka kewaye garin Yotapata a ƙasar Galili, shugaban masu tsaron garin, Yosifus, wanda daga baya ya rubuta tarihin yaƙin, ya sa aka kwarara musu tafasasshen mai. Amma ku lura, ƙasar zaitun ce, mai a wurinsu kamar gero ne a wurinmu. Kuma su ma daga baya dafaffiyar hulba suka koma zubawa a kan katakan da Rumawa ke takawa, don santsi ya kayar da su. Tun kafin wannan, a shekara ta 332 kafin Miladiyya, mutanen birnin Taya yashi suka riƙa soyawa har ya yi ja, su watsa wa sojojin Iskandar, ya shiga tsakanin sulke da fata. Ashe yashi ya fi mai araha, kuma bai gaza shi ɓarna ba.

NAFƊU, MAN DA KE ƁULƁULOWA DAGA ƘASA

Man da ya yi suna a yaƙin ganuwa ba na miya ba ne. Ɗanyen man ƙasa ne, wanda Larabawa ke kira nafɗu, irin wanda ke tsattsafowa da kansa a wasu wurare na Iraƙi da Farisa da Baku. Kakan fetur da kananzir ke nan.

Kafin mu je can, duk ɗalibin sira ya san labarin Ɗa'ifa a shekara ta 8 bayan Hijira, watau 630. Musulmi sun kafa manjaniƙi, sun kuma shiga ƙarƙashin wata rumfar katako mai lulluɓin fata da ake kira dabbaba, suka tura ta zuwa gindin katanga don su huda ta. Sai Banu Saƙifa suka jefo guntayen ƙarfe da aka gasa a wuta, fatar ta kama, mutane suka fito fili, aka bi su da kibau. Ƙarshe dai aka janye ba a ci garin ba, sai daga baya mutanensa suka aiko da wakilai Madina suka musulunta don kansu. Wannan labari yana nuna asalin dabarar: mai kai hari dole ya kusanci katanga da kayan itace da fata, mai tsaro kuwa wuta ce amsarsa.

Wajen 672 wani mutum mai suna Kallinikos, wanda ya gudo daga Sham, ya kai wa Rumawan Kustantiniyya, wadda ake kira Istanbul a yau, wani haɗi da ake fesawa ta bututu, yana ci ko a kan ruwa. Da shi suka ƙone jiragen ruwan rundunar Maslama ɗan Abdulmalik a 717 zuwa 718. Sun ɓoye sirrin haɗin har ya ɓace musu su ma. Musulmi suka haɗa nasu, har rundunonin Abbasiyawa suka zama suna da ƙungiya ta musamman ta masu jifa da nafɗu.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na Akka, a zamanin Salahuddin Ayyubi. Turawan Yaƙin Gicciye sun kewaye birnin tun 1189, suka gina hasumiyoyi uku na katako da suka ɗara katangar tsawo, suka lulluɓe su da fatu da aka jiƙa da ruwan tsami don kada wuta ta kama. Gwanayen nafɗu suka yi iyakar ƙoƙarinsu, abin ya faskara. Sai wani mutumin Dimashƙu, wanda ba soja ba ne, ya nemi a bar shi ya gwada nasa haɗin. A 1190 ya fara jefa tukwane ba wuta, Turawa na ta dariya, ba su san jiƙa hasumiyar yake yi ba. Da ta jiƙu sai ya aika da mai wuta. Duka ukun suka ƙone ƙurmus. Aka yi masa tayin dukiya ya ƙi karɓa, ya ce don Allah ya yi. Amma ku ji ƙarshen zancen: duk da haka Akka ta faɗi a Yulin 1191, don wuta ba ta maganin yunwa.

Akwai kuma labari mai ɗaci, musamman ga ɗan kasuwa. A 1168, da wazirin Masar, Shawar, ya ji tsoron kada Turawa su kama Fusɗaɗ, wadda ita ce cibiyar cinikin ƙasar, sai ya umarci mutane su fita, ya sa aka cinna mata wuta da kansa. Malam Maƙrizi ya kawo cewa tukwanen nafɗu 20,000 da bakin wuta 10,000 aka rarraba a cikin birnin, kuma wutar ta yi kwana 54 tana ci. Abokan gaba ba su samu birnin ba, masu shi ma ba su same shi ba.

MU DAWO GIDA

A ƙasashenmu babu nafɗu a wancan zamani, amma akwai abin da ya isa: jinka, da zana, da kara, da iskar hunturu.

Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa a farkon ƙarni na 12, ɗansa ya ƙarasa, sa'an nan Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta. Zariya na da tata, Katsina na da tata, Kanta na Kabi ya gina Surame. Ganuwa ba katanga kaɗai ba ce. A waje akwai gwalalo mai zurfi, da sarƙaƙƙiyar ƙaya da ke hana doki da dakare kusantowa. A ciki akwai badala inda 'yan baka ke tsayawa. Ƙofofi ƙunci gare su, ƙyamarensu na itace mai kauri da fata ko ƙarfe. Ƙasar da aka yi ginin da ita ba ta cin wuta. Saboda haka mai kai hari ba ya ɓata wutarsa a jikin ganuwa. Wurare uku yake nema: ƙayar da ke waje, da ƙyauren ƙofa, da jinkar da ke ciki.

Ana naɗa auduga ko tsumma a bakin kibiya, a kunna, a harba ta tsallake katanga. In ta sauka a kan jinka da rani, iska ce ke ƙarasa aikin. Abin da ake so ba toka ba ne, ruɗani ne. Mutumin da ke kan badala, da zarar ya waiga ya ga hayaƙi ta wajen gidansa, inda matansa da 'ya'yansa da rumbunsa suke, to hankalinsa ya rabu biyu. Yana sauka ya je kashe gobara, an samu gurbin da za a kafa tsani. Ko lifidi, wanda aka ce a zamanin Sarki Kananeji ya shigo Kano, wajen 1390 zuwa 1410, yana tare kibiya mai dafin kwankwani, amma cushensa auduga ce, ita kuwa auduga kowa ya san tsakaninta da wuta.

Mafi cikar bayani da muke da shi na irin wannan yaƙi a yankinmu daga Barno ya fito. Limamin Mai Idris Aloma, Ahmad ɗan Fartuwa, ya rubuta yadda aka kewaye garin Amsaka, kudu da Tafkin Chadi, wajen 1575. Mai Idris ya sa aka kafa hasumiyoyin itace don 'yan bindigarsa su riƙa harbi cikin garin daga sama, ya kuma sa aka cike gwalalo. Limamin ya lissafa abubuwan da mutanen garin suka kare kansu da su: wuta, da kibau masu dafi, da dunƙulen busasshen yumɓu, da masu gajeru da dogaye, da kuma, ku yi haƙuri da ni, tukwanen ƙazanta da aka tafasa. Ga amsar tambayar autana nan. An zuba abu mai zafi daga kan katanga a ƙasarmu, amma abin da ba shi da kuɗi aka zuba.

Baturen nan Kilafaton, wanda ya zo Sakkwato sau biyu, ya ratsa wani gari mai suna Algi a arewacin ƙasar Yarbawa a 1826, aka ba shi labarin yadda aka ƙone shi: wai tattabaru aka kama, aka ɗaura musu abin wuta a wutsiya aka sake su, suka je suka sauka a kan jinkar gidaje. Shi dai wannan Bature, a Oktoban shekarar, ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta yini tana faɗa da Gobirawa a bakin ganuwar Konya, ba ta shiga ba. Alkalawa ma ta tsaya wa masu jihadi shekaru, sai a 1808 ta faɗi, aka kashe Yunfa. Watau ganuwa mai kyau, mai mutane masu haɗin kai a ciki, ba a cin ta da sauƙi. Galibi yunwa, ko ƙishirwa, ko wani na ciki da ya buɗe ƙofa, su ne ke ba da gari. Da ɗan gari akan ci gari.

Su ma magabata sun san maganin wuta. Ku dubi tsohon birnin Kano: yawancin gidajen manya da na attajirai soro ne, azara da ƙasa, babu abin da kibiya za ta kama. Kududdufan da aka haƙa don ɗiban ƙasar gini sun zama ma'ajiyar ruwa a kowace unguwa. An kuma bar fili mai faɗi na noma tsakanin ganuwa da gidaje, wanda ke ciyar da gari in an rufe ƙofa, kuma ya sa kibiyar da aka harbo daga waje ta faɗi a gona. Fatake kuwa ba sa ajiye hajarsu ta tufafi da gishiri a ɗakin jinka in suna da halin soro.

NAN BISA DUTSE

Maƙwabtanmu na nan, Birom da Anaguta da Afizere da sauransu, ba su gina ganuwar ƙasa irin ta Kano ba, amma suna da tasu. Duwatsu ne, da shingen kerana da suke kewaye gidaje da gonaki da shi, har yanzu ana ganinsa a ƙauyuka ta wajen Bukuru da Vom. Kerana ɗanya ce rani da damina, ba ta kama wuta da sauri, ƙayarta na tsayar da doki, ruwanta in ya shiga ido sai Allah. Hanyoyin da ke tsakanin shingayen ƙunci gare su, suna karkacewa, baƙo ba ya sanin inda zai ɓulla. Wannan na cikin dalilan da suka sa masarautar Bauchi, wadda Yakubu ya kafa birninta a 1809, duk ƙarfin dawakinta ba ta mallake tsakiyar tsaunukan nan ba. Wannan gaskiya ce ta tarihi, faɗinta ba ya rage mu da komai.

Abin da ya kawo ƙarshen ganuwa da kerana duka shi ne igwa da bindiga mai ruwa. A farkon 1903 harsashin igwa ya farfasa ƙofar Bebeji. Ranar 3 ga Fabrairu Turawa suka shiga Kano ta Ƙofar Kabuga, Sarki Alu yana Sakkwato. Abin lura, jikin ganuwar bai ji igwarsu ba, ƙofa suka samu. Ranar 27 ga Yulin 1903 aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, aka ƙone garin. A Maris na 1906 aka shafe Satiru. Nan bisa dutse ma, daga 1904 zuwa gaba, duk ƙauyen da ya ƙi miƙa wuya don a haƙi kuza, sojan Turawa na ƙone masa gidaje da rumbuna. Wutar da ta ci Burmi ita ta ci ƙauyukan nan. Kakanninmu da kakanninsu bulala ɗaya suka sha.

ABIN DA YA SHAFE MU

To jama'a, ga inda na dosa. Jos ba ta taɓa yin ganuwa ba. Gari ne da kuza da jirgin ƙasa suka haifa, aka tsara shi wajen 1915, kowa ya zo da ƙafarsa neman abinci. Amma wutar da a da sai sarki ya tara runduna kafin a jefa ta, yau tana cikin galan a bayan kowane shago. Nafɗun da Abbasiyawa ke ware wa gwanaye, yau yaro ɗan shekara goma sha biyar yana sayensa a kwalba a bakin titi.

Mun gani da idonmu a Satumban 2001, da Nuwamban 2008, da Janairun 2010. An ƙone masallatai, an ƙone coci-coci, an ƙone gidaje da mutane a ciki, ta kowane ɓangare. Ni kaina ina da rumfar atamfa a babbar kasuwar Taminus lokacin da ta ƙone a Fabrairun 2002. Ban ɗora wa kowa ba, Allah ne masani. Abin da na sani shi ne, da gari ya waye na tsaya ina kallon hayaƙi, ga maƙwabcina Ibo mai sayar da takalma a damata, ga wata baiwar Allah 'yar ƙasar nan mai sayar da kwanuka a haguna, dukanmu hannu a ka. Wutar ba ta tambayi sunan kowa ba. Jarin da na fara tarawa tun ina yaron shago ya tafi a dare ɗaya, kuma akwai waɗanda muka yi asara tare da har suka koma ga Allah ba su sake tsayawa da ƙafarsu ba. Duk lokacin da na tuna Fusɗaɗ, Taminus nake gani.

Malamanmu na Islamiyya sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a azabtar da mai rai da wuta, don wannan na Ubangijin wuta ne shi kaɗai. Sayyidina Abubakar kuma, da zai tura runduna Sham, ya yi mata wasiyya kada ta kashe mata da yara da tsofaffi, kada ta sare itace mai 'ya'ya, kada ta rushe wurin da mutane ke zaune. Wannan fa a yaƙi ne na gaske, mai shugaba da tuta. Ina ga rikicin unguwa, inda wanda ke cikin gidan da aka watsa wa fetur tsohuwa ce da jikokinta? Kuma tarihi ya nuna mana wuta ba ta da linzami. A shekara ta 64 bayan Hijira, watau 683, lokacin da rundunar Sham ta kewaye Abdullahi ɗan Zubairu a Makka, Ka'aba kanta ta kama wuta, alhali duka ɓangarorin biyu ita suke fuskanta in za su yi salla.

Saboda haka ina da roƙo uku ga ƙungiyarmu. Na ɗaya, iyaye da masu unguwanni da limamai su ja kunnen samari tun ana zaune lafiya, ba sai ranar da hankali ya tashi ba, cewa duk wanda ya ɗauki galan ya nufi gidan wani ba jarumi ba ne, kuma gobe gidan uwarsa ne zai biya bashin. Na biyu, mu koyi da magabata wajen tsari. Ajiye fetur a ɗakin kwana da cikin rumfuna, da tukunyar gas kusa da janareta, da cushe kowane lungu da rumfar katako har motar kashe gobara ta rasa hanya, a Gangare ne ko Dilimi ko Unguwar Rogo, wannan jinka ce muke yi wa kanmu. Kowane layi na kasuwa ya kamata ya samu tankin ruwa da bokitan yashi, a kuma san wanda ke riƙe da makulli da dare. Na uku, shugabanninmu su riƙe zumunci da dattawan unguwannin maƙwabta, a san juna, a riƙe lambar wayar juna, don jita-jita ita ce kibiyar wuta ta wannan zamani, kuma a daren da ta sauka, wanda za ka kira ya gaya maka gaskiya ya fi maka katanga.

Shi kuwa autana, na koma na ba shi amsarsa. Na ce masa kakanninsa ba su zubar da mai ba, don sun san wahalar samunsa. Sai ya ce, "To Baba, su wa suka ci?" Na ce masa ya je ya tambayi mutanen Fusɗaɗ.

Inda na yi kuskure, masana su gyara mini a fitowa ta gaba, zan karɓa da hannu biyu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, ya zaunar da Jos da Jihar Filato da Nijeriya lafiya, ya kare mu daga wutar duniya da ta lahira, amin.